Karen Mota Mai Ido Ɗaya

Shekara talatin da huɗu hannuna na kan sitiyari,
daga tirelar simintin Ashaka har 'yar bas ta Dukku,
ban taɓa yin karen motar da ba ya cin tuwo ba
sai bana, da Likita Rifkatu ta sayo baƙar motar nan.

Can bayan madubi yake zaune, manne da gilas,
ido ɗaya tak, bai kai ƙwayar gujiya ba.
Kyamara, in ji likita. Ni yaro nake ce masa.
Ba ya gaida kowa.
In na taka layi ya yi tsuwa,
in na matsi ta gaba ya yi tsuwa,
rannan a Jekadafari har birki ya riga ni takawa
da mai Keke Napep ya faɗo mana ba sallama.
Na ce to, yaro, yau ka ci guminka.

Gumin nasa kuwa tsumma ne mai laushi.
Kafin in je shayi wurin Bappah Manga
sai na wanke masa fuska:
kashin balbela daga darbejiyar asibiti,
fukafukin shinge da muka kwasa daren ruwan fari,
taɓon da tifa ta watsa mana a Tumfure.
Robar waifa in ta tsufa takan ja masa kwalli,
na canza ta tun kafin ta fara kuka.
Autan likita ya manna masa sitikar makarantarsu a goshi,
na ɓamɓare, yaron ya yi fushi da ni kwana biyu.
Carbina ma na sauke shi daga madubi,
yanzu a aljihu yake kwana.

Da tsakuwa ta tsaga gilas a Kumo
Ishaya ya sa sabo, aikinsa ba makusa,
amma yarona ya koma hararar garke,
ina tsakiyar hanya yana cewa na kauce.
Sai da mai kwamfuta ya kafa masa allo a gaba,
ya koya masa duban gabas daga farko.

Duk da haka akwai abin da bai sani ba.
Inda fenti ya goge tsakanin Billiri da Kaltungo
shiru yake yi kamar baƙo a kasuwar dare.
In mun nufi Bauchi rana na faɗuwa a Alkaleri
hasken kan cika masa ido, ni in sauke hula.
Bai san sandar da ɗan Fulani ya ɗaga ba
tana nufin saura goma suna bayan tudu.
Bai san yaren fitila ba in direba ya ƙifta mini sau biyu.

Daren Laraba muna dawowa daga Dadin Kowa,
ruwa kamar da bakin ƙwarya, likita ta yi barci.
Yaro ya kunna 'yar fitilarsa, ya rubuta ba ya gani.
Na gode masa, ko ba komai bai yi ƙarya ba.
Sai ga ganye a kwalta, reshe ɗaya, can wani, can wani.
Ƙafata ta karanta kafin kaina.
Muka tsaya taku goma daga gindin tirela,
ba fitila, ba ja, baƙa ƙirin kamar daren.
Likita ta farka ta ce mun iso?
Na ce saura kaɗan.

Da safe ina goge masa fuska ta tsaya tana kallona,
ta ce Baba Sambo, matso nan,
ta buɗe mini fatar ido da babban yatsa.
Ta ce na hagun ya fara yana,
ka zo ɗakina Litinin kafin layi ya taru.
Na ce to.
Na ninke tsumman, na sa shi inda carbi yake.